Shekarar Da Aka Rufe Lakkol a Nijar

A ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Yamai. Washegari makarantun boko na ƙasar Nijar suka shiga hutun dole, bisa umarnin gwamnatin shugaba Mahamadou Issoufou. Ba a jima ba aka rufe masallatai, aka kuma kafa dokar hana fitar dare a babban birni.

Nan muka rabu gida biyu. Wasunmu suka ce rai ya fi karatu, tunda asibitocinmu ba za su iya ɗaukar annoba ba. Wasu suka ce an kwaikwayo maganin Turai ba a dubi halinmu ba. Rufe masallatai ya fi tayar da ƙura, har matasa suka yi bore a Yamai gab da azumi. Rufe makarantu kuwa ya ci mu ne a shiru. An yi ta zancen karatu daga gida, alhali mafi yawan gidajen karkara ba su da lantarki, balle intanet.

An buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu, makarantu kuma 1 ga Yuni, daidai faɗuwar damina. Ajin zana ba ya jure ruwan sama, gona kuma tana kiran yara. Ɗan birni ya ɗora daga inda ya tsaya, ɗan ƙauye da yawa shekararsa ta tafi. In wata annoba ta zo, da wannan yaron ya kamata mu fara lissafi.