Ɗakin Gwajin Ƙarfe na Kambirij da Jiragen da ke Tsagewa

A ranar 16 ga watan Janairu, 1943, wani sabon jirgin ruwa na dakon mai, mai suna Schenectady, yana tsaye a tashar Fotland ta ƙasar Amurka, ruwa kwance, babu iska, sai ya tsage gida biyu. Wannan ya tayar da hankalin hukumomi ƙwarai, gama a lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma abinci da makaman Ingila a kan irin waɗannan jirage suke tafe. Tsakanin 1941 da 1945 Amurka ta ƙera jirage 2,710 na samfurin Liberty kaɗai, da yawansu kuwa suka riƙa tsagewa, musamman a ruwan sanyi na arewacin tekun Atlantika.

Da farko walda aka zarga. Jiragen da, da ƙusoshi ake ɗinke farantan ƙarfensu, waɗannan kuwa walda aka yi musu saboda gaggawa, masu waldar kuma galibi sababbin hannu ne. Zargin yana da kama da gaskiya, shi ya sa ya daɗe.

A Sashen Injiniya na Jami'ar Kambirij, shugaban sashen, Farfesa John Baker, ya danƙa binciken a hannun Dokta Constance Tipper. Kayan aikinta ba su da yawa. Babbansu shi ne na'urar ja, wadda ke damƙe guntun ƙarfe a kai biyu, ta yi ta jansa tana auna nauyin da ya ɗauka har ya katse. Sai madubin ƙara girma, da hanyar sanyaya ƙarfen kafin a gwada shi. Dabararta ita ce ta yanki guntu daga farantin jirgi, ta yi masa 'yar tsaga a gefe, sa'an nan ta ja shi a ma'aunin sanyi dabam-dabam. Idan da ɗumi, ƙarfen yakan miƙe, ya sirance, kafin ya katse. Amma da an sauka ƙasa da wani mizani na sanyi, sai ya yi gautsi, ya ɓalle farat ɗaya kamar kasko. Wato laifin yana cikin ƙarfen kansa, domin mizanin da yake juyewa ya yi daidai da sanyin tekun da jiragen ke bi. Abin da walda ta yi shi ne ta mai da jikin jirgi faranti guda, har tsaga ta sami hanyar zarcewa, alhali kuwa a ɗinkin ƙusa takan tsaya a bakin faranti. Wannan gwaji har yau da sunanta ake kiransa.

Maganin da aka bi ya nuna haka. Aka zagaye kusurwoyin ƙofofin lodi, inda tsaga ta fi farawa, aka ɗinka maɗauran ƙarfe da ƙusa don tare ta, daga baya kuma aka ƙara manganis aka rage kabon a haɗin ƙarfen jirage.

Duk da haka akwai abin da ya gagari madubin haske. Fuskar karyayyen ƙarfe tudu da kwari ce, madubin kuwa in ya fito da tudun sarai, sai kwarin ya dushe. A cikin wannan sashe ɗin ne Charles Oatley da ɗalibansa suka soma, a 1948, ƙera madubi mai aiki da tsinken lantarki, wanda ke bin fuskar abu layi-layi yana fito da tudu da kwari gaba ɗaya. Ɗalibai masu neman digiri ne suka harhaɗa shi da hannunsu, a lokacin da masana da dama suke ganin ɓata lokaci ne. Tipper tana cikin mutanen farko da suka duba karyayyen ƙarfe da shi, a shekarun 1950. Sai a 1965 kamfanin Cambridge Instrument ya fara sayar da shi da sunan Stereoscan, daga nan ya bazu zuwa ɗakunan binciken ƙarfe na jami'o'i.

Ita kuwa Tipper, jami'ar ba ta ba ta babban muƙamin koyarwa ba sai a 1949, shekara guda bayan da Kambirij ta fara ba mata cikakken digiri. Ta yi ritaya a 1960, ta wallafa littafinta a kan karyewar ƙarfe mai gautsi a 1962, ta rasu a 1995 tana da shekara 101.