Golden Eaglets: Tarihin yaran da su ka ɗauko wa Nijeriya kofin duniya sau biyar

Duk wanda ya san Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi a shekarun baya, ya san yadda gidajen kallo su ka sauya sana'a. Da can finafinan Indiya da na Chanis da na Hausa ake sawa a bidiyo, yaro ya biya kuɗin sa ya samu benci ya zauna. Da tauraron ɗan'adam ya yawaita, sai allon da ke ƙofar gidan ya koma ɗauke da sunayen Arsenal da Chelsea da Barcelona. Yau ka tare yaro ɗan shekara 12 a bakin tasha, zai lissafo maka 'yan wasan Real Madrid kaf har da na benci. To amma tambaye shi wace ƙasa ce ta fi kowace ɗaukar kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17, sai ka ga ya na sosa ƙeya. Amsar kuwa ƙasar sa ce, Nijeriya, wadda ta ɗauka sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Birazil ce ke bin ta da huɗu. Bayan haka sau uku ta na zuwa wasan ƙarshe ana doke ta, a 1987 da 2001 da 2009. Mai karatu, gyara zama mu bi tarihin daga tushe, domin akwai abin alfahari a cikin sa, akwai kuma abin kunya.

Daga Bejin aka fara

A 1985 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta shirya gasar farko a ƙasar Sin, a lokacin ta 'yan ƙasa da shekara 16 ce. Nijeriya ta tura yaran ta ƙarƙashin koci Sebastian Brodrick, ba wanda ya damu da tafiyar su. Sun ci Italiya ɗaya da nema, su ka yi canjaras da Saudiyya, su ka lallasa Kosta Rika uku da nema. Daga nan su ka fitar da Hungary, su ka tsallake Gini da bugun fenareti. Ranar 11 ga Agusta, 1985, a birnin Bejin, su ka doke Jamus ta Yamma da ci biyu da nema. Jonathan Akpoborie da Victor Igbinoba ne su ka jefa ƙwallayen. Kyaftin Nduka Ugbade ya zama ɗan Afrika na farko da ya ɗaga kofin FIFA. A wancan zamani Ƙaura da Shinkafi da Zurmi duk su na cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, don sai a 1996 aka ƙirƙiro Zamfara, kuma talbijin ta 'yan tsiraru ce, saboda haka a akwatin rediyo yawancin jama'a su ka ji labarin.

Kafin tafiyar, Baby Eagles ake kiran su. Shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Manjo-Janar Muhammadu Buhari, shi ya tarbe su ya raɗa masu suna Golden Eaglets, wato 'ya'yan gaggafa na zinare, aka kuma yi masu alƙawurra. Kwana 16 da wasan ƙarshe, ranar 27 ga Agusta, aka hamɓarar da gwamnatin sa, alƙawari ya bi ruwa. Sai a Janairun 2016, bayan ya dawo mulki a farar hula, ya ba kowane ɗan wasan 1985 naira miliyan biyu. Shekara 30 kenan su na jira.

A Kanada cikin 1987 sun sake kaiwa wasan ƙarshe, aka tashi kunnen doki ɗaya da ɗaya da Tarayyar Sobiyet, aka fitar da su da fenareti. Philip Osondu ne aka zaɓa gwarzon gasar. A Sikotland kuma, 1989, Saudiyya ce ta tare su a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe, ita ma da fenareti, ta wuce ta ɗauki kofin.

Tabon farko

A ƙarshen 1989 ɗin ne abin kunya ya fara fitowa fili. FIFA ta gano cewa ranakun haihuwar wasu 'yan wasan Nijeriya uku da aka kai gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka rubuta masu a gasannin matasa na baya. Sai ta dakatar da ƙasar daga wasannin matasa har shekara biyu, ta kuma ƙwace damar karɓar baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 1991, ta ba Fotugal. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Tun daga ranar zargin rage shekaru ya manne wa duk wata nasara da yaran mu za su samu, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Da su ka dawo a 1993, gasar ta riga ta koma ta 'yan ƙasa da shekara 17. A Japan, ƙarƙashin koci Fanny Amun, sun ci duk wasannin su shida: Kanada ta sha takwas da nema, Ajantina huɗu da nema, a ƙarshe su ka doke Gana biyu da ɗaya a Tokiyo. Kyaftin Wilson Oruma ya fi kowa cin ƙwallo, guda 6. A tawagar akwai Nwankwo Kanu, da 'yan Kaduna irin su Celestine Babayaro da Ibrahim Babangida, ƙanen Tijjani Babangida. Wannan ce tawagar da aka fi cin moriyar ta, domin bayan shekara uku Kanu da Oruma da Babayaro da Mobi Oparaku su na cikin waɗanda su ka ɗauko zinare a Olamfik ta Atlanta, 1996. Kanu ya zama gwarzon Afrika sau biyu, 1996 da 1999.

Daga nan sai aka shiga fari na shekara 14. Oman ta fitar da su a Ekwado cikin 1995. A 1997 da 1999 ko zuwa ba su yi ba. A 2001, a Trinidad da Tobago, sun doke Faransa a rukuni, amma da aka sake haɗuwa a wasan ƙarshe Faransa ta rama da uku da nema. Na 2003 a Finland kuwa ko marubucin fim ba zai yi tunanin sa ba: Nijeriya, da John Mikel Obi a cikin ta, ta yi daidai da Kosta Rika a maki da yawan ƙwallaye da komai, sai aka jefa ƙuri'a, ta faɗa kan Kosta Rika, yaran su ka tattaro kayan su su ka dawo gida.

Kofin Yemi Tella da daren Abuja

Ranar 9 ga Satumba, 2007, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, aka tashi babu ci da Sifen har bayan ƙarin lokaci. Da aka je fenareti, 'yan Sifen su ka zubar da uku a jere, yaran mu su ka jefa uku a ragar David de Gea. Kyaftin shi ne Lukman Haruna, ɗan Kano Rabi'u Ibrahim na raba ƙwallo a tsakiya, Macauley Chrisantus kuma ya ci 7. Abin tausayi, kocin su Yemi Tella da ciwon dajin huhu ya jagorance su. Ya rasu a Oktoban shekarar, makonni kaɗan bayan ya kawo kofin gida.

A 2009 gasar ta zo gida Nijeriya, aka buga a garuruwa takwas, ciki har da Kano da Kaduna da Bauchi. A shekarar ce FIFA ta shigo da gwajin na'urar MRI. Hoton ƙashin wuyan hannu ake ɗauka, domin akwai wata gaɓa a wurin da ba ta gama haɗewa sai yaro ya gama tsawo. An kasa haɗewar zuwa mataki shida, wanda duk ya kai na shida an ɗauka ya wuce 17. Gwajin ya zubar da 'yan wasa da dama daga sansanin Nijeriya tun kafin a fara. Duk da haka yaran koci John Obuh sun farke uku da Jamus ta zura masu a wasan buɗe gasa, su ka kai wasan ƙarshe. Ranar 15 ga Nuwamba a Abuja, filin ya cika maƙil, Haris Seferovic na Suwizalan ya sa kai ya ci ɗaya, a haka aka tashi.

Sai zamanin Manu Garba, mutumin Gombe. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa cikin 2013 yaran sa sun fara da yi wa Meziko shida da ɗaya, su ka rufe da ita da uku da nema a wasan ƙarshe a Abu Dhabi, ranar 8 ga Nuwamba. Kyaftin Musa Muhammed ɗan Kano ne ya jefa ta ukun da bugun tazara. Kelechi Iheanacho ya zama gwarzon gasa. Bayan shekara biyu cif, 8 ga Nuwamba, 2015, tawagar Emmanuel Amuneke ta doke Mali biyu da nema a Chile, wasan da masu gidajen kallo su ka kai tsakar dare su na ƙona man janareto a kan sa. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar, abin da ba a taɓa yi ba kafin sa. Buhari ne kuma a kan mulki, kamar a 1985.

Maƙwabta sun tare hanya

Mutanen Zurmi, da iyaka ɗaya ta raba su da Nijar, su na da dalilin tuna 2016. Gwajin MRI ya kori 'yan wasa 26 daga sansanin Nijeriya ana dab da wasan share fage. Waɗanda su ka rage sun ci Nijar ɗaya da nema a Abuja, amma a Yamai aka yi masu uku da ɗaya. Masu riƙe da kofin duniya su ka zauna a gida, Nijar ta tafi Indiya a 2017, karon ta na farko a wata gasar FIFA, har ta doke Koriya ta Arewa ta fito daga rukuni. A 2019 Nijeriya ta je Birazil, ɗan Kano Ibrahim Sa'id ya ci Ekwado uku shi kaɗai, sai Holan ta kore su a zagaye na biyu da uku da ɗaya. A 2023 Burkina Faso ta hana su tikiti. A 2025 kuwa, da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙasa 48 a Katar, aka ba Afrika gurbi goma, Nijeriya ba ta cikin goman.

Ina amfanin kofin?

A nan ne ya kamata mu gaya wa kan mu gaskiya. Ba don kofin kaɗai ake yin gasar yara ba, don a reni manyan gobe ake yi. Toni Kroos, gwarzon 2007, ya ci kofin duniya na manya da Jamus a 2014. Seferovic da Granit Xhaka da su ka doke mu a Abuja sun daɗe su na buga wa Suwizalan. Mu kuwa Sani Emmanuel, gwarzon 2009, ya tafi Lazio daga nan labarin sa ya dusashe. Chrisantus ya yi ta yawo daga kulob zuwa kulob. Femi Opabunmi na 2001 ciwon ido ya raba shi da ƙwallo da ƙuruciyar sa. Gaskiya ne an samu irin su Kanu da Iheanacho da Osimhen, gwarzon Afrika na 2023, amma Super Eagles ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a kofin duniya ba. Masu kallon fim sun san irin wannan: yaro ya fito a fim ɗaya ya burge, daga nan ba a sake jin ɗuriyar sa.

Sannan dubi inda 'yan Arewan cikin tarihin nan su ka fito: Kano, Kaduna, Jos. Garuruwa ne masu filaye da kulob-kulob da gasanni, kamar Kofin Ramat da ake yi wa yara a Kano. Ƙaura ba ƙauye ba ce. Tun 1929 jirgin ƙasa ya ke da tasha a nan, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta yi suna har ƙetaren iyaka. Yara masu taka leda ba takalmi a filin firamare kuwa ba sa ƙirguwa. Abin da babu shi ne mai zuwa ya gan su. Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin: a Satumban 2021 an rufe makarantu da kasuwannin mako a Zamfara, aka katse layukan waya. Wane mai neman 'yan wasa ne zai hau hanyar Ƙaura zuwa Zurmi a irin wannan hali?

Duk da haka akwai abin da ke hannun mu. Na farko, takardar haihuwa. Uban da ya yi wa ɗan sa rajista a ofishin hukumar ƙidaya tun ya na jariri ya rufe bakin mai zargi, ya kuma hana wani ƙato ɗan shekara 22 cinye gurbin yaron. Na biyu, gasar makarantu tsakanin ƙananan hukumomin nan uku ba ta buƙatar miliyoyi: ƙwallaye ne da riguna da alƙalin wasa da kofi ɗaya. Attajiran mu da 'yan siyasar da ke raba riguna lokacin zaɓe za su iya ɗaukar nauyin ta duk shekara, a kuma riƙa tura zakarun Gusau da Kano inda za a gan su. Na uku, kada yaro ya bar aji saboda fili, domin labarin Opabunmi ya isa darasi.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara, ya nuna mana ranar da za a rubuta sunan yaron Zurmi ko Shinkafi ko Ƙaura a allon ƙofar gidan kallo, jama'a su biya kuɗi su shiga kallon ɗan su. Amin.