Waiwaye: Yadda Birnin Kano Ya Koyi Haɗa Sifika

A shekarar 1944 ne Turawan mulkin mallaka suka buɗe tashar rarraba shirye-shiryen rediyo ta waya a Kano. Tashar ce ke kamo shirye-shiryen, ciki har da na BBC daga Landan, ta ƙara musu ƙarfi, sannan ta tura su ta wayoyin da aka ja a kan turaku zuwa wasu 'yan akwatuna a gidajen masu biyan kuɗin haya. Wanda ba shi da halin biya kuwa, an kafa masa lasifika a wuraren taruwar jama'a, irin su ƙofar fadar Sarki da ɗakin karatu da gidan waya. Akwatin nan ba a jona shi da wutar gida, ba ya kuma cin batir. Ɗan abin da waya ta kawo masa daga tasha, da shi zai yi magana. Tun daga nan aka san sharaɗin aikin sauti a garin nan: a sami murya mai yawa daga wuta kaɗan. Kimanin shekara tamanin ke nan, sharaɗin bai canja ba, ko da yake masu haɗa sifika da yawa sun manta da shi.

A lokacin duniya gaba ɗaya a kan wannan sharaɗi take. Sifika mai takarda da koyil da maganaɗisu, irin wadda muke amfani da ita har yau, Chester Rice da Edward Kellogg ne suka bayyana ta a Amurka a 1925. Amfilifaya ta wancan zamani 'yan wat kaɗan take bayarwa, ga shi kuma fim mai magana ya shigo a 1927, ana bukatar a cika zauren da ke ɗaukar mutum dubu. Mafitar ita ce ƙaho. Edward Wente da Albert Thuras, injiniyoyin kamfanin Bell, suka ƙera wani ɗan kai mai siririn faifan ƙarfe da ke matsa iska ta ƙuntataccen maƙogwaro, ƙaho kuma yana buɗewa sannu a hankali har bakinsa. Takarda tsirara in tana motsi, iska zamewa take yi ta gefe, ƙarfin ya tafi a banza. Ƙaho yana kama iskar ya tilasta mata ɗaukar motsin. Daga wannan tushe kamfanin Altec Lansing ya fitar da manyan akwatunan sinima a 1945: ƙaho a sama don murya, manyan takardu a ƙasa don gurnani. Gidan sinima ya iso Kano da Rex a 1937, kafin a buɗe Palace a Jakara a farkon shekarun 1950, ta farko a cikin ganuwa, wadda ta jawo ce-ce-ku-ce mai zafi. Motocin majigi ma da lasifikarsu suke yawo.

Amma masallaci ne ya zaunar da ƙaho a Birni. A 1936 aka ɗora lasifika a Masallacin Sultan na Singafo don kiran salla, kuma cikin 'yan shekarun da suka biyo baya al'adar ta bazu a ƙasashen Musulmi. A Kano, daga Babban Masallacin Juma'a da aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero har zuwa ƙananan masallatan lungu, ƙahon ƙarfe ya zama kamar wani ɓangare na gini. Yawancinsu Ahuja ne na Indiya ko TOA na Japan. Dalilin karɓuwarsa a fili yake. Muryar ɗan Adam, abin da ke sa a gane kalma daga kalma, tana tsakanin kaɗawa ɗari uku zuwa dubu uku ko huɗu a daƙiƙa, kuma nan ne ƙaho ya fi ƙwarewa. Da amfilifaya mai wat goma sha biyar da batirin mota, ladan zai tashi unguwa guda. Rana ba ta cin sa, ƙurar hunturu ba ta dame shi ba. Haka masu wa'azi da masu tafsirin azumi da 'yan siyasa da masu tallan magani suka rungume shi.

Kiɗa ne ya nuna iyakarsa. Ƙahon masallaci ba ya fitar da gurnanin ganga, ba ya ɗaukar nauyin bandiri irin na Gidan Kadiriyya da ke Kabara. In ka sa masa kaset ɗin Shata, muryar za ta fito tar, kalangu kuma ya koma ƙwas-ƙwas kamar ana buga gwangwani. Da kaset ya cika gari a shekarun 1970, Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafarsa da rarraba shi, biki da suna da maulidi suka fara neman abin da ya fi ƙaho. Zuwan finafinan Hausa na bidiyo, tun daga Turmin Danya a 1990, da waƙoƙin fiyano da suka biyo baya, ya ƙara tsananta bukatar, don waɗannan waƙoƙi a kan bugun ƙasa suke tsaye.

A nan hanyar Kano ta rabu da ta Turai da Amurka. Can, tun da Edgar Villchur ya fitar da ƙaramin akwati rufaffe mai zurfin sauti a 1954, sannan taransisto ta sa wat ya yi araha, masu ƙera sifikar gida suka daina damuwa da tattalin wuta. Akwati ya ƙanƙance, amfilifaya ta girma. Wannan ciniki ya dace da mai falo rufaffe da wutar da ba ta ɗaukewa. Bai dace da mai shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida a Yakasai ko Mandawari ba, inda taro a fili yake, wuta kuma sai NEPA ta ga dama. Da darajar naira ta faɗi bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, akwatin waje ya fi ƙarfin yawancin masu hayar kayan sauti. Sai aiki ya koma hannun mutum biyu: mai gyaran rediyo da kafinta. A sayo sifika tsirara a shagunan Sabon Gari, ko a yo odarta daga Kasuwar Alaba ta Legas, a yanka falanki, a rufe da kafet, a sa raga. Haka ma masu kiɗan titi na Kingston a Jamaika suka yi tun shekarun 1950, su Duke Reid da Coxsone Dodd, kuma da akwatunan hannu suka kafa wani salon kiɗa da ya zagaya duniya. Wannan sana'a ba abar rainawa ba ce.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen zaɓe. Mai saye yakan shiga shago ya ce, "Alhaji, wannan wat nawa ce?" Tambayar da ta fi kowace yawa ke nan, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani. Wat da aka rubuta a bayan maganaɗisu yana nuna wutar da sifika za ta jure ne kafin ta ƙone, in ma gaskiya aka rubuta. Bai ce komai ba game da ƙarar da za ta bayar. Lambar da ya kamata a nema ita ce ta desibel: ƙarar da sifika ke yi in an ba ta wat ɗaya, aka auna daga nisan mita ɗaya. Sifikar falo takan ba da kamar 88. Wufa, wato babbar sifikar gurnani, mai inci 15 ta aikin taro mai kyau takan kai 98. Bambancin 10 ɗin nan ninki goma ne na wuta. Ma'ana, abin da ta biyu za ta yi da wat 30, ta farko sai an ɗura mata wat 300. Ta farkon ba ta mayar da ko kashi ɗaya cikin ɗari na wutar da ta sha zuwa sauti. Sauran duk zafi ne a cikin koyil. Ga wanda ke sayen fetur yana zuba wa janareta, wannan lissafi kuɗi ne tsaba. Kuma a fili, duk lokacin da nisa ya ninka, sai ƙara ta ragu da desibel 6, wanda cike gurbinsa ke bukatar wuta ninki huɗu.

Wufa mai tattalin wuta tana da alamunta: takarda marar nauyi, bakin yadi mai ninƙi maimakon roba mai kauri, maganaɗisu mai ƙarfi, da matsattsiyar kafa tsakanin koyil da ƙarfe. Kishiyarta ita ce wufar bayan mota, mai nauyin takarda da kumburarren baki, wadda ke burge ido tana tsalle amma tana shan wuta ba ƙaƙƙautawa. Matasa da yawa ita suke ɗauka su sa a akwatin biki, sannan su yi mamakin yadda amfilifaya ke zafi tun kafin a kawo amarya.

Bayan zaɓe sai haɗi, kuma a ganina nan ne ake gane gwani. Kan ƙaho na sama yakan ba da desibel 105 zuwa 110, wato ya fi wufar da za a haɗa shi da ita da kusan ninki goma. In aka jona su kai tsaye, ya zama an ɗaura bijimi da maraƙi a garma ɗaya: ɗaya ya ja, ɗaya ya bi a karkace. Wannan ne asalin sautin nan mai sukar kunne da ake ji a bukukuwa da yawa, inda tsofaffi ke tashi su bar wurin, murya tana tsaga kai, ganga kuma ba a jin ta. Maganinsa ba shi da tsada: resista biyu, ɗaya a jere ɗaya a gicciye, su rage wa ƙaho ƙarfi har ya daidaita da abokiyar aikinsa.

Sai kuma inda za a raba musu aiki. Takarda mai inci 15 tana watsa sauti ko'ina muddin yana ƙasa, amma da ya kai kaɗawa dubu ɗaya a daƙiƙa, inda tsawon igiyar sautin, kamar santimita 34, ya yi daidai da faɗin takardar, sai ta fara harba shi gaba kawai. Ƙaramin kan ƙaho mai maƙogwaron inci ɗaya kuma ba ya son a sauke shi ƙasa da dubu ɗaya da ɗari biyar ko dubu biyu, in ba haka ba faifansa ya tsage. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu akwai rami, kuma a cikinsa kalmomin mawaƙi suke. Shi ya sa wanda ke tsaye a gefen akwati yake jin kiɗa amma ba ya gane baitin. Masu ido sukan zaɓi wufa mai inci 12 a akwatin sama, ko su nemi babban kan ƙaho da zai iya sauka ƙasa, su bar inci 18 ga gurnani kaɗai. Marabar sauti ce ke yin wannan rabo: kafasita mai maikurofarad 10 a kan kai mai om 8 tana yankewa a wajen dubu biyu. Amma da an ƙara resista a jere, wurin yankan ya motsa, sai an sake lissafi. Zuwan tiwita, wato ƙaramar sifikar sautin sama, mai araha ta fiyezo, wadda ake jonawa ba tare da marabar sauti ba, ya sa wasu suka daina koyon wannan lissafi gaba ɗaya. A jera shida a goshin akwati, su yi ta tsiwa, ramin kuma yana nan.

Om ma yana cin amfilifaya a garin nan ba adadi. Sifika biyu masu om 8 in aka haɗa su a gicciye sun koma 4. Huɗu sun koma 2, abin da amfilifaya da yawa ba sa jurewa. Kwamitin masallaci kan ƙara ƙaho duk lokacin da sahu ya ƙaru, ba tare da taransifomar layi mai bolt 100 da aka yi don wannan aiki ba, har ranar da hayaƙi zai tashi. Akwai kuma gwajin da tsofaffin masu gyara ba sa tsallakewa: a taɓa wayoyin wufa da ƙaramin batir na tocila, a ga ko takarda ta fito waje ko ta shige ciki. Duk wufar da ke akwati dole su motsa gefe ɗaya. In ɗaya ta fito ɗaya ta shige, gurnaninsu cinye juna yake yi, mai kaya kuma ya yi ta murɗa ƙara.

Akwatin kansa ba kwali ba ne. Neville Thiele a Ostireliya ya nuna a 1961, Richard Small kuma ya faɗaɗa a farkon shekarun 1970, cewa kowace wufa tana da girman akwati da tsawon ramin iska da suka dace da ita, kuma ana iya lissafa su kafin a ɗora zarto. Kafintocinmu sun fi kwaikwayon akwatin da suka gani ya yi daɗi, wanda ba laifi ba ne in wufar iri ɗaya ce. Matsalar tana zuwa idan ta ƙone aka kai ta naɗi, mai naɗi ya sa waya mai kauri daban ko takarda mai nauyi daban. Daga nan ta zama wata sifika, ba ta dace da akwatinta ba, ba ta kuma dace da 'yar'uwarta ta gefe ba. Gara a naɗe su biyu tare, a hannu ɗaya. Akwai kuma ƙa'idar da ake jingina wa Anton Hofmann: ƙaramin akwati, zurfin gurnani, da tattalin wuta, biyu kawai za ka samu daga cikin ukun. Mai son ƙara daga wuta kaɗan dole ya haƙura da babban akwati, ko da zai sha wahalar shiga da shi lungunan Birni a baro.

Shekarun baya-bayan nan kasuwa ta cika da akwatunan roba na Sin masu batir da fitilu masu walƙiya, an buga musu wat dubu-dubu a kwali, alƙaluman da ba su da alaƙa da abin da ke ciki. Sun ƙwace ƙananan taruka daga hannun masu haya. Amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tsohon lissafin ya dawo da ƙarfinsa. Masallatai da makarantun Islamiyya suna komawa sola, kuma duk wat ɗin da sifika ta ɓarnatar, batir da faranti ne za a ƙara saya. Sababbin ƙananan amfilifaya marasa zafi suna mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar batir zuwa sifika, don haka ɓarnar da ta rage a cikin akwati take. Wayar da ke aljihun yaron shago tana iya fitar da sauti mai hawa daga ƙasa zuwa sama, ta kuma nuna masa a allo inda ƙaho ya yi wa wufa rinjaye da inda ramin yake, aikin da a zamanin Thiele sai a ɗakin gwaji.