Daga Fair Isle Zuwa Rano: Tarihin Suwaita Mai Zane

Da zarar hunturu ya kankama a kudancin Kano, masu gwanjo kan baje kayan sanyi a kasuwannin Rano da Kibiya. A cikin tulin akan tsinci wata suwaita mara hannu, mai zane-zane layi bisa layi, wadda ke shiga ƙarƙashin kaftani ba tare da ta takura mutum ba.

Asalin wannan saƙa wani ɗan tsibiri ne mai suna Fair Isle, a arewacin Sikotilan, tsakanin Orkney da Shetland, wanda mazaunansa a yau ba su kai ɗari ba. A da, matan masunta ne ke saƙa ta da gashin tumaki. Ƙa'idarsu launi biyu kacal a kowane layi. Zaren da ba a kai ga saƙawa ba sai ya bi ta bayan rigar, shi ya sa take yin kauri, ta riƙe ɗumi. A wancan lokacin, jan launi daga saiwar wani tsiro suke samu, shuɗi kuma daga baba da fatake ke kai musu.

Kasuwarta ta buɗe a farkon shekarun 1920, lokacin da Yariman Wales mai jiran gadon Ingila ya fara fita da ita bainar jama'a, samari suka yi ta kwaikwayo. Shi ne yariman da ya zo Kano a 1925 aka yi masa hawan daba, zamanin Sarki Usman II, kafin ya zama Sarki Edward VIII a 1936. Da yaƙin duniya na biyu ya sa aka ƙayyade sayen tufafi a Birtaniya a 1941, sai matan aure suka riƙa warware tsofaffin suwaita suna sake saƙawa. Mara hannu ba ta cin zare, zanen kuwa yana karɓar kowane guntu.

Ƙasar Rano ma ba baya ba ce a harkar zare. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano ake kira sarakunan baba, saboda rini. A da, mata na kaɗa auduga da mazari, maza na saƙa ƙyallaye sirara a haɗa su, marina su tsoma a karofi, mabuga su daka har yadi ya ɗauki ƙyalli. Maƙwabciyarta Kura ta yi suna da turkuɗin da Buzaye ke naɗawa. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin ƙasar na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Riga mara hannu kuwa da ma akwai ta: talaka na da 'yar shara da binjima, fada na da falmaran, sanyi kuma gwado ake ja masa.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta sauƙaƙa shigowar yadin Manchester mai araha. Masaƙun zamani suka biyo baya, tun daga ta Kaduna a 1957, su ma daga bisani akasarinsu suka durƙushe. Yanzu dilolin gwanjo ke shigowa ta Kwatano, a kwance su a kasuwanni irin Ƙofar Wambai, 'yan sari su kai ƙauyuka.

Duk da haka hannu bai manta ba. Mata a cikin gidaje na saƙa hular sanyi, safa da kayan jarirai da zaren ulu, da kwarashi ko da inji. Abin da suka rasa shi ne abin da mutanen Fair Isle da Shetland suka riƙe: sun ɗaura sunan ƙasarsu a kan saƙarsu, kuma tun 2010 suke shirya bikin makon ulu duk shekara, baƙi na zuwa koyo da saye. Rano na da tarihin da zai ɗauki irin wannan biki, tun masu sanin aikin karofi na raye.