Kwalara da Akwatin Zaɓe a Tarihin Haiti

Haiti na yammacin tsibirin Hispaniola a yankin Karibiyan, kuma ta kasu zuwa lardi 10. Tun da daɗewa manyan asibitocin gwamnati da yawancin likitoci sun tattare ne a Port-au-Prince, babban birni, mutanen karkara kuwa suka koma hannun 'yan mishan da ƙungiyoyin agaji. A kwarin Artibonite, inda ake noman shinkafar ƙasar, Asibitin Albert Schweitzer da ke Deschapelles yana aiki tun 1956. A ƙauyen Cange na lardin Tsakiya akwai ƙungiyar Zanmi Lasante, wadda Dakta Paul Farmer na cikin waɗanda suka kafa ta. Likitocin Kyuba ma suna ƙauyuka tun 1998.

Ranar 12 ga Janairu, 2010, girgizar ƙasa ta rugurguza Port-au-Prince da kewayenta. Gwamnati ta ce mamata sun haura 200,000. Ginin ma'aikatar lafiya ya rushe, makarantar koyon aikin jinya da ke babban asibiti ta danne ɗalibanta, fiye da mutum miliyan ɗaya suka koma kwana a tantuna. Aka ɗage zaɓen majalisa da aka shirya yi a watan Fabrairu.

Ana cikin wannan hali sai ga kwalara a watan Oktoba, cutar da mutanen wannan zamani a Haiti ba su taɓa gani ba. Ba a tantunan birni ta ɓulla ba, a karkara ne. Bincike ya gano cewa bahayan sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, 'yan ƙasar Nepal, ya malala cikin wani rafi kusa da Mirebalais, rafin kuma yana zuba ne a kogin Artibonite. Wannan kogi shi ne ruwan sha da wanka da wankin manoma. Cikin 'yan kwanaki Asibitin Saint-Nicolas na garin Saint-Marc ya cika ya batse. Marasa lafiya suna kwance a tsakar gidan asibitin, ana rataya ledar ƙarin ruwa duk inda aka samu. Kwalara ba ta da wuyar magani: ruwan gishiri da sukari kan ceci mafi yawa, mai tsanani a yi masa ƙarin ruwa. Amma takan tsotse ruwan jikin mutum cikin sa'o'i, don haka wanda ke nesa da asibiti sau da yawa a hanya yake cikawa.

A tsakiyar Nuwamba, mamata sun wuce 1,000. Jama'a suka fusata a Cap-Haïtien, suka yi arangama da sojojin Majalisar, aka toshe hanyoyi, jiragen da ke kai sabulu da magani arewa suka tsaya. Duk da haka aka kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa da na majalisa ranar 28 ga wata. Hukumar zaɓe ta riga ta hana jam'iyyar Fanmi Lavalas ta tsohon shugaba Aristide shiga. Mutane da dama katinsu na ƙarƙashin ɓaraguzai, wasu suka je rumfa ba su ga sunansu ba. Waɗanda suka yi zaɓe ba su kai kashi ɗaya bisa huɗu ba. Tun ba a rufe rumfuna ba 'yan takara 12 suka yi kukan maguɗi, suka nemi a soke.

Sakamakon 7 ga Disamba ya ba Mirlande Manigat na ɗaya, Jude Célestin na jam'iyyar Shugaba René Préval na biyu, mawaƙi Michel Martelly na uku, da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 7,000 ba. Magoya bayan Martelly suka cinna wa tayoyi wuta a tituna, aka rufe filin jirgin sama, kai marar lafiya asibiti ya zama jan aiki. Ƙungiyar Ƙasashen Nahiyar Amurka ta duba takardun sakamako, ta ba da shawarar a cire Célestin daga zagaye na biyu, hukumar zaɓe ta amince a Fabrairun 2011 bayan matsin lamba daga waje. Martelly ya lashe zagaye na biyu ranar 20 ga Maris, aka rantsar da shi 14 ga Mayu. Majalisa ta ƙi mutum biyu da ya gabatar don muƙamin firayim minista, ba a samu firayim minista ba sai Oktoba. Daminar da kwalara ta sake tashi ke nan, ƙasa ba cikakkiyar gwamnati.

Tarihi ya maimaita kansa. An soke zaɓen shugaban ƙasa na Oktoban 2015 saboda zargin maguɗi. Ana daf da sake shi a Oktoban 2016 guguwar Matthew ta daki kudu maso yamma, ta lalata asibitoci da hanyoyin ruwa, kwalara ta ƙaru a Grand'Anse, aka ƙara ɗage zaɓen zuwa 20 ga Nuwamba, Jovenel Moïse ya ci. A Disamban shekarar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Ban Ki-moon ya nemi gafarar mutanen Haiti kan annobar. Zuwa 2019, lokacin da cutar ta lafa, ta kama fiye da mutum 800,000, ta kashe kusan 10,000.

An samu abin alheri a tsakani: a 2013 aka buɗe asibitin koyarwa mai gado kusan 300 a Mirebalais, garin da annobar ta taso. Sai dai tsaftataccen ruwa da magudanar bahaya, waɗanda su ne rigakafin gaskiya, aiki ne na zaunanniyar gwamnati da jama'a suka yarda da ita. An kashe Moïse a gidansa ranar 7 ga Yulin 2021. A Oktoban 2022 kwalara ta dawo, a Janairun 2023 kuma wa'adin sanatoci 10 na ƙarshe ya ƙare, Haiti ta wayi gari ba zaɓaɓɓen ɗan majalisa ko ɗaya.