Daga Ina Tumatir Ya Samo Sunansa?

Duk wanda ya ga kwandunan tumatir jibge a kasuwar 'Yankaba ta Kano zai rantse da shi aka haife mu. Alhali kuwa baƙo ne, shi da sunansa. Kakanninmu na can baya da kuka da kuɓewa da yakuwa suka ci tuwonsu.

Asalin tsiron daga yankin tsaunukan Andes ne, wajen Peru da Ekwado, amma mutanen Meziko ne suka mai da shi abin nomawa. A harshen Nahuwatil na mutanen Aztek kalmar ita ce tomatl. Sai dai abin da suka fi kira haka wani ɗan kore ne mai tsami da ke zaune cikin ɓawo kamar takarda. Jan da muka sani xitomatl suke ce masa. Da Sifaniyawa ƙarƙashin Hernán Cortés suka ci birnin Tenochtitlan da yaƙi a 1521, sai suka kwashi irin jan, suka haɗa da sunan koren, suka ce tomate. Har gobe a tsakiyar Meziko jitomate ake ce wa ja, masu abu ba su bi kuskuren baƙi ba.

Italiyawa nasu suka raɗa masa: pomodoro, wato tuffar zinariya, sunan da masanin tsirrai Mattioli ya rubuta a 1554. Wannan ne ya zama bandora a bakin Larabawan Sham. Ingilishi kuwa da tomate suka fara, daga baya suka karkata shi zuwa tomato, ya yi kama da potato, sunan dankali.

To ina muka samo "r" ɗin ƙarshe, tunda babu ita a tomato? A ganina kunnen Bahaushe jam'in kalmar ya kama, wato tomatoes, domin ba wanda ke zuwa cefanen ƙwaya ɗaya. Hausa kuma ta saba musanya "s" da "r" a ƙarshen gaɓa: wani ya ce ya sayas, wani ya ce ya sayar, wani fitas, wani fitar. Ta wannan hanya tumatis zai koma tumatir ba tare da kowa ya lura ba, har wasu su ƙara murɗa shi su ce tumatur.