Yadda Aka Zaɓo Mutanen Binciken Framingham

A shekarar 1948 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta fara bin diddigin ciwon zuciya a Framingham, wani gari mai mutane kimanin 28,000 a lokacin, a jihar Massachusetts. Shekara uku kafin nan hawan jini ya yi ajalin Shugaba Roosevelt, kuma likitoci ba su san takamaiman abin da ke haddasa ciwon zuciya ba. An ɗauki garin ne don yana kusa da manyan likitocin Boston, mazaunansa ba su cika ƙaura ba, sun kuma taɓa ba da haɗin kai a wani binciken tarin fuka da aka fara a 1917.

Da fari duk wanda ya kawo kansa sai a rubuta sunansa. Masana ƙididdiga suka ce da sauran gyara, domin mai zuwa gwaji da ƙafarsa ba lalle ne halinsa ya zo ɗaya da na maƙwabcinsa da ya ƙi fitowa ba. Sai aka koma kan rajistar mazauna garin, aka tsamo gida biyu cikin kowane uku, aka gayyaci mutane masu matsakaicin shekaru, waɗanda ake sa ran cutar za ta bayyana a jikin wasunsu cikin shekara ashirin. Cikin mutum 6,507 da aka gayyata, 4,469 ne suka amsa. Aka cike giɓin da 'yan sa-kai 740, jimilla ta zama 5,209. Mata sun fi rabi, abin da ba a saba gani ba a binciken zuciya na wancan zamani. Duk bayan shekara biyu ake sake duba kowa, har aka tabbatar da hannun hawan jini, kitsen jini da shan taba a cutar. A 1971 aka shigo da 'ya'yansu, a 2002 kuma jikoki.

Amma kusan dukkan mutanen farko Turawa ne, kuma wannan tawaya ce babba. Da aka gwada ma'aunin haɗarin ciwon zuciya da aka samo daga binciken Framingham a ƙasar Sin, sai ya zuzuta haɗarin fiye da yadda yake. A 1994 aka ƙara rukunin Omni domin sauran jinsuna, sannan a 2000 aka soma binciken Jackson a jihar Mississippi kan baƙar fata sama da 5,000.